Iyatu da Farin Tulun Surukinta

A Djougou, in mace ta haihu a unguwar su Iyatu, kafin a sanar da dangin uba ma an riga an aika mata. Ba ungozoma ba ce, ba ta taɓa yanke cibi ba. Ita aikinta wuta. Ita ke girka tukunya, ta hura itace, ta tafasa ruwan wankan jego safe da yamma har mai jego ta yi arba'in. Tun tana amarya ta fara, tana miƙa wa uwar mijinta itace, ga shi yau furfura ta gama kai tana nan tana yi. Mutane na cewa hannunta na da albarka. Ita kuwa in ka tambaye ta, abin da ta sani game da hannun nan shi ne yana ciwo.

Gidan da ta yi aure gidan fatake ne na da, cikin waɗanda kakanninsu suka sauke jakuna a kan hanyar goro, suka ga wuri ya yi musu, suka zauna. Arzikin ya tafi tun kafin ta shigo, ya bar musu ƙaton zaure da yawan baƙi. Mijinta ya yi ta kasa goro a bakin kasuwa har Allah ya karɓi abinsa, bai bar mata komai ba sai sunan kirki, shi kuwa ba a tuƙa tuwo da shi. To da jegon mutane ta ci, da shi ta ciyar da 'ya'ya. Nan a ba ta turmin atamfa, can sabulu, can kwanon masara ko 'yan doya.

Wanda bai taɓa yi ba sai ya ɗauka tafasa ruwa wasa ne. Sai ka tashi tun kafin ladan, ka ja ruwa a rijiya, ka cika tukunyar da sai mutum biyu ke ɗaga ta. Itacen kuma ba kowane ba. Matan ƙauye da ke shigowa da shi ta hanyar Kolokondé sun san ta sarai, sun san in suka kawo ɗanye za ta kwance damin a gabansu ta zazzage musu faɗa da yaren Dendi da Hausa har da ɗan yaren Yom ɗin da ta tsinta. Da damina kuwa kowane itace ɗanye ne. Ka durƙusa ka yi ta hurawa, hayaƙi na shiga ido har ido ya gaji da hawaye ya daina. A nan idonta na hagu ya dushe. Tari kuma ya zame mata sallama, ana jin sa tun kafin a gan ta.

Abin da ta gada, abin da kowace tsohuwa a unguwar ta gada, shi ne jikin mai jego a buɗe yake, sanyi kuma ƙofa yake nema. In ya shiga, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi gajere, sai abin da Allah ya yi. Maganinsa ruwa mai zafi, zafin da in an tsoma ganyen darbejiya an fyaɗa a baya sai mace ta kira uwarta, sannan a bi da kunun kanwa. Sauran tsofaffi sun yarda da wannan ne don an gaya musu. Iyatu ta yarda da shi don ta binne 'ya.

Mairo ke nan, 'yarta ta fari, wadda saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunanta ba, tana raye ko bayan ranta. "Waccan" take cewa. Mairo ta zo wankan gida a wata damina da ruwa ya ƙi ɗaukewa. Itace ya jiƙe, wuta ta yi ta gardama. Ana cikin haka ƙafafun yarinya suka kumbura, in ta kwanta sai ta tashi zaune tana neman iska. Iyatu ta ƙone duk wani busasshen abu da ke gidan. Ta ƙone kwandunan goron mijinta, ta ƙone kujerar tsakar gida, daga ƙarshe ta sa gatari ta fasa turmin da aka kawo ta gidan miji da shi. Duk da haka Mairo ba ta ga arba'in ba. Jaririn dangin ubansa suka ɗauke. Iyatu ta zauna ta yi tunaninta ita kaɗai, ta yanke cewa wuta ce ta yi kaɗan. Daga ranar ba ta sake sauke tukunya ba sai tana tafarfasa.

Shekaru suka tura. Autarta Zoulaïha ta yi boko har ta samu aikin koyarwa a Parakou, ta auri Mounkaila, wani ɗan Nijar mai shagon kayan gyaran manyan motoci. Mutum ne mai sanyin magana da son tsari, irin wanda in ya ga takalman mutane sun karkace a ƙofar masallaci sai ya tsaya ya jera su. Da Iyatu ta ji ciki ya shiga, tun kafin ruwa ya sauka ta fara tara itace, ta cika rumfa har sama. Wannan karon ba za a same ta da ɗanye ba.

Sai waya ta zo cewa Zoulaïha ba za ta zo wankan gida ba. Jininta ya hau, an ce ta zauna kusa da asibiti kafin haihuwa da bayanta. In Inna na so, ita ta zo.

In tana so! Uwa ta je ta tare a gidan suruki, ta ci tuwonsa, ta shiga bayinsa? Iyatu ta kwana biyu tana faɗa da bango. Da faɗan ya ƙare ta ɗaure kanwa a leda, ta sa aka ɗora mata tukunya a saman motar Parakou tsakanin buhunan doya. Gajiya ta riga ta kai ƙashi, ita ma ta sani. Ta gaya wa kanta wannan ne na ƙarshe. In ta fitar da autarta arba'in da rai da lafiya, to kowa ya nemi mai hura masa.

Ta isa unguwarsu Guéma a Parakou washegarin haihuwa, mace aka samu. Gidan haya ne, ɗaki da falo a jere da na wasu, tsakar gida shafe da tayil har bakin ƙofa. Ta tsaya da tukunya tana neman inda za ta kafa duwatsun murhu, babu ƙasa ko ta tafin hannu. Mai gidan hayar kuwa ya riga ya kafa doka, ba a hura itace, hayaƙi na ɓata masa fenti. Tukunyar da ta fitar da rabin matan unguwa daga jego a bayan ƙofa aka kife ta, aka riƙa shanya tsumma a kanta.

Mounkaila dai ya yi shirinsa, kuma a gaskiya ya yi ƙoƙari. Ya zaga gari yana tambaya. An nuna masa ƙarfen nan da ake jefawa cikin bokiti a jona da wuta, ya tuna labarin waɗanda abin ya ja, ya ce a'a. An nuna masa na gas, ya tuna tagar bayinsu ba ta fi tafin hannu ba, ya ce a'a. Ya tsaya a kan wani farin tulu na lantarki da ake maƙalawa a bango, wanda suke kira chauffe-eau. A gindinsa akwai maɓalli da ake murɗawa daga shuɗi zuwa ja, da wata 'yar jar fitila. Inda ka ajiye maɓallin, nan zafin ruwa zai kai ya tsaya, tulun ya kashe kansa, fitila ta mutu, sai ruwan ya huce ya sake kamawa. Mai haɗa famfon ya ƙara ba shi shawarar ya sa wani ɗan agogo a jikin wayar, mai kunna tulun gab da lokacin wanka kawai, don kada ya wuni yana shan wuta ba dalili. Mounkaila ya sa. Mitar gidan ta kati ce, wuta in ta ƙare ta ƙare.

Duk wannan bayani yana bakinsa, ya haddace shi tsaf. Matsalar ɗaya ce, wa zai gaya wa? Tun da ya auri Zoulaïha bai taɓa haɗa ido da uwarta ba. In zai gaishe ta, daga bakin ƙofa yake tsugunawa, kai a ƙasa, ita kuma ta ja mayafi ta amsa wa bango. To mutumin da gaisuwa ke masa nauyi haka, ya za a yi ya ja surukarsa bayi ya koya mata dafa ruwa, ita da take dafawa tun ba a haife shi ba? Sai ya zuba wa Zoulaïha bayanin duka. Ita kuwa tana kwance, ga ɗinki ga jiri, abin da ya isa kunnen tsohuwa bai fi loma ɗaya ba.

"Inna, Malam ya ce maɓallin nan a bar shi a tsakiya. An riga an daidaita."

Iyatu ta tara ruwa, Zoulaïha ta sa aka sirka yadda aka ce mata. Tsohuwa ta tsoma gwiwar hannu ta dubi 'yarta.

"Wannan? Alwala za ki yi ko wankan jego?"

"Sage-femme ma, ungozomar asibiti, ta ce mai ɗumi ya isa, saboda tension ɗina, hawan jinin nan. Kanwar ma ta ce..."

"Ta taɓa haihuwa, ita sage-femme ɗin?"

"Ban sani ba, Inna."

"To ni na haihu, na kuma binne. Waccan ma ruwa mai ɗumi ta samu."

Zoulaïha ba ta san yayarta sosai ba, tana ƙarama aka yi rasuwar, amma ta san in Inna ta ce "waccan" magana ta ƙare.

Iyatu ba ta iya karatu ba, amma ba mai koya mata ma'anar ja. Ta murɗa maɓallin har ya tsaya. Da yamma ruwa ya fito yana turiri, ta ce yauwa, ashe kana da hali. Abin da ya dame ta fitilar ce. Tana cikin shanya sai ta leƙa ta ga ta mutu. A wurinta kuwa wutar jego ba ta mutuwa, ko ba tukunya a kai ana barin gungume yana ci har a yi arba'in. Ta yi ta latse-latse a jikin agogon nan har ta dace da wani ɗan tsinke a gefe, ta tura shi, fitila ta kama. Ta kashe aikin agogo ke nan ba ta sani ba. Jim kaɗan fitilar ta sake mutuwa, don ruwan ya kai iyaka. Nan ma ta gano dabara: in ta buɗe famfo ruwan zafi ya zube, sai fitila ta dawo. To haka take wuni. Da ta ga duhu a gindin tulu sai ta saki ruwa mai turiri ya bi kwata, ta tsaya har ja ya dawo, ta ce, "Kai dai malalaci ne." Haka ta samar wa kanta aikin hura wuta a gidan da ba murhu.

Mita ta fara kuka. Wata 'yar ƙara take yi in wuta ta kusa ƙarewa, Iyatu ta ɗauka gyare ne ya shiga bango. Rannan da tsakar rana fanka ta tsaya, firij ya yi shiru, naman suna ya fara canja wari. Mounkaila ya dawo daga shago ya sa wata wutar. Ba a daɗe ba ta sake ƙarewa, ya sake sawa. Ya shiga bayi ya ga maɓalli a ƙarshen ja, agogo a kashe, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Wutar na ci masa rai, ba a musu, amma ba ita ta fi damunsa ba. Ya ga bayan matarsa duk ya tashi, ya kuma ga yadda take fitowa daga wanka tana dafa bango.

Ya yi wa Zoulaïha magana, ta ce, "Kai ka gaya mata." Ya ce, "Ni? C'est pas possible, ba zai yiwu ba." Duk da haka ya daure ya je bakin ƙofa da niyya, ya tsuguna.

"Inna, kun wuni lafiya? Ya gajiya?"

Ta ce wa bango, "Lafiya lau, madalla."

Ya jira maganar ta fito, ta ƙi. Ya ce, "To, Allah ya huta gajiya." Ya tashi ya karkaɗe gwiwa.

Sai ya koma yaƙin ɓoye. Kullum da asuba in ya shiga alwala sai ya mai da maɓalli tsakiya, ya tayar da agogo. Yana fita masallaci ita kuma ta shiga ta murɗe. Kowa ya san hannun kowa. Ita tana cewa a ranta, yaro mai kirki amma ga maƙo, wutar da za a ceci matarsa da ita yake wa rowa. Shi kuma yana cewa, tsohuwa mai kirki amma za ta dafa mini mata. Da rana kuwa ba abin da ya ragu a gaisuwa, har goro yake sayo mata, fari, irin wanda take so. Ni dai haushi abin ke ba ni, a ce kunya ta hana mutum biyu masu son abu ɗaya buɗe baki, amma haka muka taso muka tarar.

Rashin itace bai rage mata gajiya ba. Iyatu ba ta saba da tayil ba, ƙafa na zamewa. Ba ta saba da wurin wankan da ba a ganin sama ba. A Djougou bayan gida a buɗe yake, turiri ya tashi ya tafi abinsa. Nan kuwa ɗan akurki ne mai ƙofa, in ta cika baho sai su biyun su daina ganin juna. Tana fyaɗa ganye tana tari, bayan hannunta duk ya yi bororo. Barci kuma rabi da rabi, kunne na kan numfashin yarinya, idon da ke gani na kan fitila.

Wata safiya bayan suna, tana shafa wa Zoulaïha man kaɗanya, sai ta ji ƙafar ta cika mata hannu. Ta danna babban yatsa a kan ƙwauri, ta ɗaga. Ramin ya zauna, bai taso ba.

Tsoro ya kama ta, tsohon tsoron nan da ta sani. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta shiga kicin ta dama kunu ta ƙara kanwa, ta tsaya a kan yarinyar sai da ta shanye. Wankan da ake yi sau biyu ta mai da shi uku. Ɗan ruwan sanyin da take sirkawa ma ta kusa dainawa.

"Inna, numfashina," in ji Zoulaïha a wankan azahar na washegari. "Ki buɗe ƙofa."

"Iska za ta shiga. Daure, saura kaɗan."

Ta tsoma ganye ta ɗaga, sai ta ga yarinyar ta sulale daga kan kujera. Ta tare ta, jiki ya saki, nauyi ya fi ƙarfinta. Ta jawo zane ta rufa mata. Mounkaila ya dawo cin abinci a lokacin, tana jin ƙarar cokalinsa a falo. Ta buɗe baki ta nemi abin da za ta kira shi da shi, "mai gidan nan" ko "wane", duk suka ɓace mata.

"Mounkaila!" ta ce. "Mounkaila, zo ka ɗauki matarka!"

A asibiti aka karɓe ta da gudu, aka sa mata abin numfashi, aka yi mata allurar da ke fitar da ruwa daga jiki. Iyatu ta zauna a benci a baranda da jaririya a cinya, ruwan sama na dukan kwano. Can wajen la'asar sage-femme ɗin ta fito, Madam Yasmine, wata doguwa mai jan ido, da gani ita ma ba ta huta ba. Ta zauna kusa da tsohuwar, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa. Hausarta ta kasuwa ce, tana yi tana haɗawa da Faransanci.

"Mama, ta farfaɗo. Zuciyarta ce ta gaji, ruwa ya taru mata a jiki. Ku ke mata wanka?"

"Ni ce."

"Na ga bayanta." Ta kama hannun Iyatu ta juya shi. "Ga naku ma. Ba faɗa zan yi ba, Mama, ni ma da na haihu haka uwata ta yi mini. Amma mace mai tension, zuciyarta na ɗauke da kaya tun farko. Zafi mai yawa ƙarin kaya ne. Kanwa kuwa 'yar uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa. In aka bar su, ta sha maganinta, in sha Allah ça va aller, za ta samu sauƙi."

Iyatu ta daɗe tana gyara wa jaririya hula.

"To kumburin ba sanyi ba ne?"

"Ba sanyi ba ne."

"Akwai wata yarinya," in ji Iyatu, "can garinmu, da daɗewa. Ita ma ta kumbura. In ta kwanta sai ta tashi zaune. Aka ƙara mata wuta."

Madam Yasmine ta dube ta, ta sa takalminta a hankali. "Ban gan ta ba, Mama. Abin da ban gani ba, ba zan ce ba. Allah ya jiƙanta."

Iyatu ba ta ce yarinyar ta mutu ba. Ta lura da hakan, ba ta ƙara tambaya ba.

Kwanakin da aka yi a asibiti ba ta yi kuka ba. Gajiya ce ta sauko mata gaba ɗaya, ta shekara da shekaru, har ɗaga kofi sai ta yi shawara. Ta riƙa tuna matan da ta yi wa wanka. Da yawa sun tashi garau, har yau suna aiko mata da tuwon salla. 'Yan kaɗan ba su tashi ba, kuma waɗannan 'yan kaɗan ɗin su ne ta fi hura wa wuta, don su ne suka kumbura. Ta tuna rumfarta a Djougou cike da busasshen itace, ta ji ba ta son sake ganinta. Ta so ta ɗauki tukunyarta ta tafi inda ba a san ta ba. Amma arba'in da saura, mai jego kuma dole a yi mata wanka.

Ranar da aka sallame su, Mounkaila ya zo bakin ƙofa ya tsuguna zai fara gaisuwarsa. Iyatu ta juyo ta fuskance shi. Bawan Allah ya rasa inda zai sa ido.

"Tashi," ta ce. "Na riga na kira sunanka, duk gidan nan sun ji, ba sauran abin ɓoyewa. Zo ka nuna mini tulun nan naka."

Ya tsaya a bakin bayi, ita a ciki, yana nuni da makullin babur don kada hannu ya haɗu. Ya shiga bayanin da ya daɗe yana ajiya.

"Inna, nan tsakiya ya ishe shi. Ba a yin ƙasa da nan, don ruwan da ke kwana a tulu yana son ɗan zafi, ba a kuma kai shi ja. In kun tara a baho sai ku sirka da na sanyi, har gwiwar hannu ta zauna a ciki ba ta gudu ba. Wannan kuma minuterie ce, agogo. Kafin asuba zai kunna da kansa, kafin la'asar ma haka. Sauran lokaci tulun na riƙe zafinsa kamar kular abinci, ba ya bukatar kuran, wato wuta."

"Fitilar fa? In ta mutu?"

"In ta mutu ba lalacewa ya yi ba. Ruwan ne ya kai. Ya isa ke nan, sai ya tsaya."

"Da kansa?"

"Da kansa, Inna."

"Ba mai tsayawa a kansa?"

"Babu."

Ta yi tsaki ƙasa-ƙasa, ba da shi take ba. Ya miƙa hannu zai murɗa, ta ce ya bari. Maɓallin na nan a ƙarshen ja inda ta bar shi ranar. Ta kama shi da yatsunta masu ƙuna ta dawo da shi baya a hankali, har ya ce nan. Ɗan abu ne kamar murfin kwalba. Shi kuma ya tayar da agogo. Ta ce ya kawo mata jan farcen matarsa, ta ɗiga a daidai wurin, don idonta ba ya ganin zanen Bature. Ledar kanwa kuma ta miƙa wa maƙwabciya ta ce ta dafa wake.

Gab da la'asar ta jawo tukunyarta a kife ta zauna a kai a bakin bayi. Agogo ya yi ɗan ƙas, fitila ta kama, ba wanda ya taɓa ta. Iyatu ta zuba mata ido. Da fitilar ta mutu, sai ta ga jikinta ya miƙe da kansa zai je ya buɗe famfo. Ta tsaya, ta dafa bango, ta koma ta zauna.

Ta tara ruwa ta sirka, ta tsoma gwiwar hannu, gwiwa ta zauna. Duk abin da ta sani a duniya na gaya mata wannan ne ruwan da ke kisa. Tsoro bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi da ta bar ƙofa a ɗan buɗe. Ta yi bismilla, ta zaunar da 'yarta a kujera, ta ajiye ganye a gefe, ta fara zuba mata ruwa da ƙoƙo tana shafawa da tafin hannu. Ba turiri, suna ganin fuskar juna.

"Inna."

"Na'am."

"Yaya Mairo, ita ma ƙafarta ta kumbura?"

Iyatu ta ɗebi ruwa ta zuba a kafaɗar hagu, ta ɗebo ta zuba a ta dama.

"Ta kumbura."

"Me aka yi mata?"

"Turmina na fasa," in ji Iyatu. "Na ƙara wa Mairo wuta."

Zoulaïha ba ta taɓa jin sunan nan a bakin uwarta ba. Ta kamo hannun nan mai ƙuna ta riƙe. Iyatu ta bar mata shi na ɗan lokaci, sannan ta zare.

"Miƙo ƙafar in gani."

Ta durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara. Ta danna babban yatsa a kan ƙwauri, ta ɗaga. Naman ya taso ya cike. Ta sake dannawa, don ba ta yarda da ido ɗaya ba, ya sake tasowa. Sai a lokacin ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen tayil, ƙafar 'yarta a cinyarta, ta fara kuka.